Idon Baba bayan aikin Kano

Babana ya daɗe da ciwon sukari, kuma a ido ciwon ya fi yi masa ɓarna. Sukari yana cin ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido, sai ido ya tsiro da sabbi marasa ƙwari, su fashe, jini ya cika ruwan nan mai kauri na tsakiyar ƙwayar ido. Haka ta faru da idonsa na dama. A Kano aka zuƙe ruwan, aka ƙona wuraren da suka lalace da hasken na'urar leza, muka dawo Damagaram da leda cike da magungunan ɗigawa.

Ba a yi mako ba idon ya kaɗa ya yi jajir, fatar ta kumbura. 'Yan dubiya a Zango kowa da fatawarsa: wannan ya ce apolo ne, wancan ya ce ƙurar hunturu. Gwaggo har da ƙullo tozali da zuma. Shi kuwa Baba, mutumin da ba ya cewa wayyo, cewa ya yi, "'Yar nan, kamar ana buga mini ƙusa a ciki." Na haska masa fitilar waya, sai ga wani farin abu kwance a ƙasan baƙin idon, samansa a miƙe sambal. Na ɗauki hoto na tura wa likitan da ya yi masa aikin ta WhatsApp. Amsarsa: ku taso yanzu.

Ga yadda ya bayyana mana. Ja da ɗan zafi bayan aiki ba abin tsoro ba ne, muddin kullum raguwa suke yi. Amma zafin da ke ƙaruwa, gani yana ja da baya, ga ruwan ƙurji ya taru irin farin abin nan da na gani, alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga cikin idon. Ba kasafai ake samu ba, bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba bayan irin wannan aiki, sai dai mai sukari ya fi shiga haɗari, kuma da awoyi ake lissafinsa. Maganin ɗigawa ba ya isa can ciki. Sai da aka ɗebi ruwan idon don gwaji, aka yi masa allurar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, bankomaisin da seftazidim, a cikin ƙwayar idon kanta. Idon ya tsira, alhamdulillahi, amma ganin bai dawo yadda muka so ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne takardar sallama. Da Ingilishi aka rubuta ta, mu kuwa Faransanci muka yi a lakwal, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya faɗa da Hausa alamar da za mu gani mu juyo. Tsakaninmu da Kano fiye da kilomita 200 ne, ta Matamaye da Daura, ga shingaye ga iyaka, ga tsoho yana nishi a bayan mota.

Yanzu saura idon hagu, an ce shi ma leza yake bukata. Na riga na gaya wa yayana ba za mu bar asibitin ba sai an ba mu sunan likitan ido da zai duba Baba a nan gida.