Telan da bai iya cewa a'a ba, shi ke ɓuya daren Sallah

Rigimar da ake yi a ƙofar shagon tela daren Sallah, tun goman farko na azumi ake ƙulla ta. Mutum ya miƙo leda da shadda, tela ya san babu wuri, kunya ta sa ya ce "to, Allah ya kai mu". Wannan "to" ɗin ya zama bashi a wuyansa.

Wanda bai san iyakar hannunsa ba, ba zai iya ƙin aiki ba, don haka da lissafi ake farawa. A ce kaftani biyu da wandunansu kake fitarwa a yini, tun daga yanka har guga. Azumi 29 ne ko 30, to da 29 za ka ƙirga, kada wata ya tsaya ya same ka da almakashi a hannu. Cire kwana 4 na ƙarshe don gyare-gyare, ɗinke maɓalli da miƙa kaya. Cire wasu 3 saboda ɗaukewar wuta, lalacewar keke ko zazzaɓi. Saura 22, sau biyu 44. Ko wannan ma an yi maka kara, domin bayan azahar jikin mai azumi sanyi yake yi, a goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Babbar riga da 'yar ciki da wando, wajen yadi 10 ke nan, kada ka ƙirga ta ɗaya. Ka ba ta gurbi uku, tunda sai ta je wurin mai aikin wuya ta bi layinsa, kuma ba kai ke da iko da lokacinsa ba.

Duk wannan a littafi yake zama: suna, awo, ranar kawowa, ranar karɓa, guntun ƙyallen a manne, da kafin alƙalami, rabin kuɗin ɗinki. Ranar da lamba ta 44 ta cika, an rufe.

Babban kuskure shi ne karɓar ledar. Yadin da ya kwana a shagonka, a wurin mai shi alkawari ne, ko me bakinka ya faɗa. "Bar shi mu gani" ta fi kowace kalma jawo wa tela zagi. Tun ledar na hannunsa za ka ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, na rufe karɓar ɗinkin Sallah. In bayan Sallah da mako guda ne, zan yi maka. In kuwa na idi kake so, akwai abokin sana'ata a layin baya, hannunsa na da kyau." Daga nan ka yi shiru. Kowane dalili da ka ƙara, ƙofar ciniki ka buɗe masa: ka ce ba wuta, ya ce zai sayi man janareto, ka ce aiki ya yi yawa, ya ce nasa ai ɗan ƙarami ne.

Sai mai zuwa da kuɗin gaggawa, ya ninka farashi a sa nasa gaba. Kuɗin na da daɗi, amma gurbin da zai shiga na wani ne da ya kawo nasa tun azumi na da uku. Ga kuma abin da sauri ke haifarwa: a yanka shadda da awon wani, a bai wa yaron shago yanka tun bai ƙware ba, dutsen guga ya ƙona gaban riga da ƙarfe uku na dare. Shaddar da aka yanka ba ta komawa, kuma biyan yadi 5 na mai tsada kan lashe ribar ɗinki da yawa.

Na gida sun fi wuya. Gwaggo za ta aiko yara da turmi uku na atamfa azumi na da 25, kuma ba ta jiran jin farashi. Maganinta tun watan Sha'aban ake haɗa shi: ka ware gurbi 5 cikin 44 ɗin nan na dangi, ka sanar da su, "Gwaggo, ku aiko da na yara kafin azumi ya kai biyar." Ba a fafe gora ranar tafiya. In duk da haka ta makara, kada ka aika yaro ko saƙon waya. Taka da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka faɗa mata wanda zai yiwu da wanda sai Babbar Sallah. Babba ya fi jin zafin yadda aka ƙi shi fiye da ƙin kansa.

Canjin salo kuma ranar awo ake yanke maganarsa: a nuna hoto, a amince, a rubuta, a kuma gaya wa mai kaya cewa da zarar almakashi ya shiga babu sauyi. Waya ma a ba ta lokaci, daga hantsi zuwa la'asar. Mai tambayar "ina aka kwana?" da sha biyun dare, da safe ake amsa masa, da ranar da ke rubuce a littafi.