Abin da na'urar auna iska ta gano a madafin Inna

Ranar da malaminmu ya miƙa mini 'yar na'urar auna gurɓatar iska don aikin kammala digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na riga na san wa zan ɗora wa laifi: hazon hunturu da hayaƙin kabu-kabu. Don haka na tsara zagayena ta Tsohuwar Kasuwa, Mabera da Runjin Sambo, musamman da la'asar sakaliya, lokacin da babura da keke napep suke cushewa.

Hazo dai bai ba ni kunya ba. Ƙurar da ke lulluɓe Sakkwato daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso mana ita. Da ina ɗauka ƙurar da ke kwanciya kan kujera da girar ido ita ce abin tsoro. Ashe wannan gashin hanci da majina suna tare yawancinta. Mugun iri shi ne wanda ido ba ya gani, wanda ake kira PM2.5. Silin gashin kai ya fi ƙwayarsa kauri kusan sau 30, shi ya sa take wucewa can cikin huhu, wata ma har cikin jini, ta tayar da asma, ta wahalar da zuciya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsa a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska. Ranar da hazo ya sauka sosai, na'urar takan bar wannan lamba a baya tun kafin hantsi.

Na je wurin masu babbakar kai da ƙafa, inda wasu ke ƙona tsofaffin tayoyi. Baƙin hayaƙi mai warin salfa, toka kuma tana nan jibge tana jiran ruwan sama ya kai ta fadama. Na rubuta, na wuce.

Abin da ya juya aikin gaba ɗaya a gidanmu ya faru. Wata magariba na dawo a gajiye, na manta na'urar a kunne cikin jaka, na leƙa madafi in gaida Inna. Tana tsugune gaban murhu, ta cusa leda ƙarƙashin ɗanyen itace don wuta ta kama, ledar tana narkewa tana ɗiga. Matar yayana na tuƙa tuwo da goyo a bayanta, kan yaron ya langaɓe daidai inda hayaƙin ke bi ya nemi ƙofa. Rufin ɗakin baƙi ƙirin da kunkunniya. Sai na'urar ta fara ƙara. Da na duba, lambar ta zarce duk abin da na gani a bakin titi, nesa ba kusa ba.

"Mi ya samu abin nan naka?" in ji Inna.

Na ce hayaƙi ne, Inna, ya yi yawa.

Ta ce, "Mu da munka tashi cikin hayaƙi, mi ya same mu?" Kafin ta rufe baki tari ya sarƙe ta, tarin nan da muka saba ji tun muna yara har muka daina jinsa.

Daren nan na koma kan takarduna. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, galibi ta ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Na tuna kuma da kaskon garwashin da muke shiga da shi ɗaki da sanyi mu rufe ƙofa da taga. Garwashi na fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi balle wari, wadda ke kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Ciwon kan da muke tashi da shi da asuba muna cewa sanyi ne, ashe wannan iskar ce. Janaretan da ake tayarwa a zaure ma ita yake fitarwa.

Kuskurena na gaba shi ne wa'azi. Na ce a koma gas. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai za ka riƙa cika muna tukunyar?" Na yi shiru, don ko kuɗin buga aikin nawa ita na roƙa.

Sai na sauko ƙasa. Muka fasa taga a bangon madafi. Aka riƙa shanya itace kafin a hura, ana sauke goyo a miƙa wa yara kafin a ɗora tukunya, kasko kuma a fitar da shi waje kafin a kwanta. Malamina ya sa na sake babi na huɗu, na auna madafai a unguwarmu maimakon tituna kaɗai.

Leda kam har yau nakan tarar da ita a ɓoye bayan murhu, musamman da damina in itace ya jiƙe.