Damagaram, garin da hanya ta juya wa baya

Ta Daura muka bi daga Kano, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, sai Matamaye, sai Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Ba don shingen jami'ai da canjin naira zuwa sefa ba, da ba ka san ka bar ƙasarku ba. Gero ne a gonaki, Hausa ce a bakin kowa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai ruwa ne. Tun asuba 'yan ga-ruwa ke turo kura cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, suna kewaya manyan duwatsun nan na unguwar Birni, gumi na tsiyaya daga haɓarsu. Garin kan dutse yake zaune, rijiya ba ta saurin ba da ruwa.

A kusa da fada na zauna wurin wani dattijo baduku, yana rina fatar akuya da jan launi, yatsunsa duk sun rine. Na ce, "Baba, yaya babban gari haka ya koma baya?"

Ya ce, "Ɗana, gari bai motsa ba. Hanya ce ta tashi."

Maganarsa na kan turba. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram har igwa take ƙerawa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Libiya, ya biyo ta Agadas, a unguwar Zango yake sauka, ya kwashi fatu da gashin jimina, har da bayi, wannan ba a ɓoye shi. Faransawa suka ci garin a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin Legas zuwa teku, garin da yake ƙofar gida ya zama bayan gida. A 1926 aka ɗauke hedkwatar mulki aka kai Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

Masu cewa lalaci ne ke hana ƙasashenmu ci gaba, su zo su tura kurar ruwan nan sau ɗaya. Nijar ba ta da gaɓar teku, duk buhun siminti sai ya sha doguwar tafiya a mota kafin ya iso, kuɗinsa ya hau. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, Faransa ta yi shekaru tana kunna tashoshin lantarkinta da shi, amma har zuwa 2023 Nijar yawancin wutarta daga Nijeriya take saye. Da aka yanke layin bayan juyin mulkin 2023, nan aka kwana cikin duhu. Matatar mai da aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut tana iya tace ganga 20,000 a rana, sai dai kaso mafi tsoka na kamfanin ƙasar Sin ne.

Duk da haka ba zan ɗora wa baƙi komai ba. Juyin mulki biyar tun 1974, wane mai jari zai saki jiki? Mu kuma 'yan Nijeriya, ga teku ga mai, da janareta muke kwana.

Kafin in tashi na sayi jaka a hannun Baba. Ya ce fatar kirki dillalai ke kwashewa su yi Kano da ita, daga can ta wuce Turai a ɗinka takalma. Shi ragowar yake samu, zaren ɗinkin ma daga waje ake kawo masa.