Abin da Aikin Ido Ya Koya Mini Game da Sitiroyid

A sashen ido da nake aikin jinya a nan Katsina, ba na fara auna mutum sai na ce ya fito da kwalbar da yake ɗigawa. Da wuya a rasa ta, ko a aljihu ko a bakin zani. Sau da yawa in na karanta jikinta sai in tarar betametazon ne ko dekzametazon, dangin sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, an saya a kemis ba takardar likita.

Ni dai ba na ganin laifin masu saye, domin maganin yana ci. Ka ɗauki yaron nan mai ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, wanda farin idonsa ya rine ya koma ruwan ƙasa. Kwana biyu ana ɗiga masa, ja ya washe, ya samu barci. Wace uwa ce za ta daina? Wata ta ce mini, "Sista, ai shi kaɗai ke yi mashi." Gaskiya ta faɗa. Sai dai ruwan da ke cikin ƙwayar ido yana da magudanar fita, sitiroyid kuwa yana cushe ta a hankali. Awon matsin ido mai lafiya tsakanin 10 ne da 21. Wajen mutum ɗaya cikin uku nasa kan hau in ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗiga mai ƙarfi, na yara ma ya fi saurin tashi. Ba zafi, ba alama, jijiyar gani na ta lalacewa, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Wannan shi ne hawan jinin ido da magani ke jawowa. Ga kuma yanar ido da maganin ke kawowa, ita dai da sauƙi tunda ana cire ta.

Lokacin kaka ya fi tayar mini da hankali. Ganyen dawa ko zangarniyar gero ta yanki manomi a baƙin ido, a ɗiga masa sitiroyid, zafi ya lafa, ƙwayar fangas kuwa ta samu sarari. In ya zo, mukan taɓa masa 'yar takarda mai launin ruwan lemo a fatar ido ta ƙasa, mu haska shuɗiyar fitila, sai gyambon ya fito kore shar. Wanda ya taɓa ganin wannan ba zai yarda a sa wa jan ido sitiroyid ba a duba ba.

Ɗigawar ma sai an koya. Abin da ke ratsawa cikin ido bai kai kashi 5 cikin 100 na ɗigon ba, saura ya bi kunci ko ya gangara hanci, shi ya sa wasu ke jin ɗaci a maƙogwaro. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu asarar kuɗi ne. A rufe ido, a danne gefen da ke kusa da hanci kamar minti biyu. In magani biyu ne a ba da tazarar minti biyar. Mai fari kamar madara, irin su firednisolon, sai an girgiza shi, in ba haka ba ruwa ake ɗigawa, maganin na kwance a gindin kwalba. Kuma wanda ya daɗe a kansa ba ya yankewa rana ɗaya, likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan.

Ɗigo ba ya kaiwa can bayan ido. Mai ciwon suga da tsakiyar ganinsa ta kumbura sai dai allura, ko a gefen ƙwayar ido ko a cikinta. Akwai ma ɗan mitsitsin sanda da ake harbawa ciki yana sakin sitiroyid da kansa: Ozurdex, da Amurka ta amince da shi a 2009, yana narkewa cikin watanni, Iluvien kuwa yakan kai shekara uku. Abokan aiki kan yi ta sha'awarsu, ni ma haka, don sun raba mutum da mantuwa. Amma kwalba ana iya karɓe ta yau in matsi ya hau. Abin da aka sa a cikin ido kuwa ba ya fitowa da sauƙi, sai dai a bi shi da maganin sauke matsi, wani lokaci har da tiyata.

Don haka kafin a yi wa dattijon da ya taso daga Jibiya ko Mai'aduwa allura, nakan ja ɗansa gefe in tambaye shi wa zai riƙa kawo Baba awo, kuma kuɗin mota zai samu. In amsar ba ta tsaya ba, sai in gaya wa likita tun ba a buɗe allurar ba.