Asabar: bin diddigin dabbare-dabbaren da suka fito wa baƙar mota

Yau da hantsi ƙanena ya kawo mini motarsa ransa a ɓace, domin maganin feshi na siramik, mai kare fenti da sa ruwa ya gangara, da ya shafa wa fentinta a makon jiya bai ba shi abin da ya sa rai ba. Motar baƙa ce, kuma baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙorafinsa kashi uku ne: boneti da rufin mota sun yi dabbare-dabbare, ruwa ba ya dunƙulewa ya gangara a ƙasan ƙofofi yadda aka nuna a talla, sannan ƙyallin da ya yi tsammanin zai ƙaru bai ƙaru ba. Tun kafin ya kashe injin ya riga ya yanke hukunci, ya ce, "Yaya, ni dai ina ganin jabu aka sayar mini." Na ce masa hakan yana iya yiwuwa, amma bai kamata mu ɗora wa kwalba laifi ba sai mun ji abin da fentin zai gaya mana.

Mun shigar da motar inuwa, muka bar jikinta ya huce, sannan muka wanke ta da sabulun mota marar kaki, domin sabulun da aka haɗa da kaki yakan bar wata shimfiɗa da ke ɓoye ainihin halin da fenti yake ciki. Bayan ta bushe na ɗauko tocila na haska boneti ta gefe, kusan a kwance, sai komai ya bayyana. Akwai dogayen layuka masu bin hanyar da hannunsa ya bi, akwai kuma wurare masu duhu fiye da sauran, waɗanda gefensu ke ba da launuka kamar man inji a kan ruwa. Da na tambaye shi yadda ya yi aikin, sai ya ce da tsakar rana ya yi a fili, ya fesa maganin kai tsaye a kan boneti har ya jiƙe sharkaf don ya kama sosai, kuma tawul ɗaya ya yi amfani da shi tun daga farko har ƙarshe.

Amsar matsala ta farko tana cikin wannan bayani nasa. Shi maganin, sinadarin silika ne (irin wanda ke cikin yashi da gilashi) da aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi, kuma idan ruwan ya tashi abin da ke saura a kan mota bai kai kaurin maikuron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali shimfiɗar sama marar launi da ke kare fentin mota takan kai maikuron 40 zuwa 50. Fenti ba ya karɓar fiye da wannan siririyar shimfiɗa, saboda haka duk abin da aka ƙara a kai rara ne da dole a goge shi kafin ya sandare. Baƙin ƙarfe a cikin rana yakan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma a irin wannan zafi maganin yana bushewa kafin tawul ya baza shi. Shi kuwa tawul ɗin da ya riga ya sha magani ya ƙoshi, ba ya kwashe rara, sai dai ya kai ta daga nan zuwa can.

Na fi son a fara gyara da hanya mafi sauƙi, don haka muka gwada tawul na maikurofaiba mai ɗan danshi, muka bi da busasshe. Wannan ya share layukan da ke kan but, amma bai taɓa na rufi ba. A rufin sai na fesa maganin sau ɗaya a kan tawul, na murza wurin a hankali domin sabon ruwan ya sassauta tsohon, na goge nan take, kuma mafi yawansu sun tafi. Boneti ne ya ƙi, domin nan ya fi shan magani da rana, ya riga ya sandare. Ba mu da zaɓi sai folish mai laushi, wanda na murza da hannu a kan soso, ɗan wuri bayan ɗan wuri, ina dubawa da tocila. Ƙanena ya so mu ɗauko mai kaushi don a gama da wuri, na hana shi, saboda kowane folish yana cin wani abu daga shimfiɗar sama, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Matsalar ƙofofi ta fi ɗaukar hankalina, domin nan ne ya fi ƙarfafa zarginsa na jabu. Na ba shi siririyar leda ya saka hannunsa a ciki, na ce ya shafa ƙasan ƙofar direba da muka wanke yanzu-yanzu. Leda tana ƙara wa yatsa jin abin da fata kaɗai ba ta ji, kuma da ya shafa sai ya ɗago ya dube ni, domin wurin da ido ke gani sumul a hannu gurtsi-gurtsi yake. Waɗannan ƙananan ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki, da ɗigon kwalta, da dattin hanya da suka maƙale a cikin fenti, waɗanda sabulu ba ya fitarwa. Na fesa maganin cire ɓurɓushin ƙarfe, kuma cikin 'yan mintuna ƙofar ta fara zubar da ruwa mai launin shunayya, alamar sinadarin ya haɗu da ƙarfe. Bayan mun ɗauraye muka bi da yumɓun goge fenti tare da ruwan sabulu mai santsi, har ledar ta daina kama komai.

A cikin hira ne kuma ya ambata cewa wajen wata guda kafin feshin ya shafa wa motar kaki. Wannan ya ƙarasa bayanin. Siramik yana buƙatar ya manne da fentin kansa, amma a nan ya zauna ne a kan kaki da datti, don haka wankin farko ya tafi da siramik ɗin gaba ɗaya. Domin ya gani da idonsa, na raba ƙofar biyu da salatif, na goge rabi da sifirit na aisofirofil da aka tsarma da ruwa, na shafa maganin nasa, na bar ɗaya rabin haka nan. Ba mu zuba ruwa ba tukuna, amma ko da bayan hannu ana jin bambancin santsin ɓangarorin biyu.

Akwai kuma wasu fararen zobba a kan but da bai ma lura da su ba. Waɗannan tabon ruwa ne, wato kalsiyam da magniziyam da ɗigon ruwa ke bari idan ya bushe, kuma fentin da ke dunƙule ruwa ya fi fuskantar su idan aka bar shi ya bushe da kansa a rana. Ruwan khal da aka haɗa rabi da rabi da ruwa ya cire su ba tare da wahala ba.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ba ni da maganinsa a yau, kuma a ganina laifin talla ne fiye da laifin kwalba. Siraran zane-zanen da ke zagaye hasken tocila a jikin motar karce ne da wanki da tsumma mai datti ya jawo tsawon shekaru. Ƙyalli yana zuwa ne daga fenti mai sumul da ke mayar da haske kai tsaye, kuma shimfiɗar da ba ta kai maikuron 1 ba ba za ta cike karcen da ya fi ta zurfi ba, sai dai ta lulluɓe shi yadda yake. Na kuma yi masa bayanin alamar 9H da yake ta nuna mini a jikin kwalbar: ma'auni ne na taurin fensir da ake gwada fenti da shi, ba shi ne ma'aunin taurin duwatsu ba, kuma ba ya nufin tsakuwa ko makulli ba za su karce motar ba. Irin wannan na feshi watanni yake yi, yayin da wanda ƙwararru ke shafawa daga ƙaramar kwalba yakan kai shekara 2 zuwa 5 idan an kula da shi.

Da la'asar sakaliya, bayan ƙarfen ya yi sanyi, muka sake shafa wa boneti da sauran ƙofofi. A wannan karo feshi biyu kawai ake yi, a kan tawul, a baza a wurin da bai wuce santimita 60 a kowane gefe ba, a bi tsaye sannan a bi kwance, a goge da busasshen tawul na biyu, a haska tocila kafin a matsa gaba. Shi na bari ya yi da hannunsa, kuma ya yi mamakin yadda maganin da ke cikin kwalbar bai ko ragu ba. Tawul ɗin da muka gama da su mun jefa cikin bokitin ruwa nan take, domin idan silika ta sandare a cikin zaren sai tawul ya koma mai karce fenti.

Motar tana garejina yanzu, kuma za ta kwana nan domin kada ruwa ko raɓa su taɓa ta cikin awa 24 na farko. Na gaya masa kada sabulu ya hau ta sai bayan mako guda. Gobe da yamma za mu cire salatif ɗin mu watsa wa ƙofar direba ruwa, kuma idan ɓangaren da aka shirya ya dunƙule ruwa ɗayan bai yi ba, to maganar jabu ta ƙare. Batun karcen kuwa sai an nemi injin folish da na'urar auna kaurin fenti, kuma ya ce zai yi shawara ko zai jira wannan shimfiɗar ta ƙare tukuna, tunda injin zai cire ta tare da karcen.