Littafin ya dawo, mai aron bai zo ba

Da safe kam lafiya lau. Umma ta soya mana ƙosai, Abba ya ƙara kuɗin a-daidaita-sahu ba wanda ya roƙe shi, a lesin kuma Malam Nura ya sa aka tafa min a gwajin Turanci. Da ranar ta tsaya nan, da yau ba ku ji daga gare ni ba.

Bayan azahar sai ga Abbati a ƙofar gida riƙe da littafina na tsofaffin tambayoyin Kemistiri. "Wai in ji Yaya Sadiq, ya gode." Shi ke nan. Ya juya a guje. Ranar da Sadiq zai ara, da ƙafarsa ya zo, ya tsaya a soro har muka yi ta musu kan wata tambaya. Yau aike. Na shige ɗaki na bi littafin shafi-shafi, ko ya bar wata 'yar takarda, ko ya ja layi a wani wuri. Ko kunnen takarda bai lanƙwasa ba. Mutum ya riƙa tsafta har haka?

Islamiyya: na je, na dawo. Kada ku tambaye ni me aka biya.

Bayan magariba muna wanke-wanke Yaya Maryam ta ritsa ni.

"Husna, farantin nan zai huje. Wa kike tunani?"

"Ba kowa, Yaya."

"Ba kowa ɗin ne yake sa ki leƙa waya duk bayan minti biyu? Yaron gidan su Fati ne, ko?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe duk ɓoyon da nake yi, a fili nake. Na ce mata ni fa ban ce ina son sa ba, kawai dai in na ji muryarsa ƙirjina bugawa yake, abinci ya fita raina. Ita da yake karatun jinya take yi, sai cewa ta yi wai adirenalin ne, shi ne dai yake zuba wa mutum in kare ya biyo shi. Na ce to ni nawa karen ba ya gajiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ko hawaye ne suka zo min.

Da ta ga da gaske nake sai ta ajiye soso. Ta ce, "Son maso wani ƙoshin wahala." Na ce ai nan ne matsalar, Yaya, ban san ko yana son wata ba. Ban san komai ba. Da zai fito ya ce ba na gabansa, in yi kukana in share hawaye in ɗauki littafi. Amma jiya ya duba hoton da na sa a WhatsApp, yau ya aiko yaro. Wanne zan kama?

"Kada ki kama ko ɗaya. Bai yi miki alkawari ba, bai yi miki laifi ba. Shi ma jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ce a gabansa."

Sai ta ba ni labarin Barira da Mugisu, wanda Ibn Abbas ya ruwaito. Bayan Nana A'isha ta 'yanta Barira, aka ba ta zaɓi ta zauna da mijinta ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa. Kuma aka ƙyale ta.

Na san labarin, an taɓa biya mana, amma da can Barira nake jinjina wa. Yau Mugisu ne ya tsaya min a rai. Ba a ce masa ya yi abin kunya ba, ba a kuma tilasta mata ba. Na ce wa Yaya shi dai ya ji amsarsa da kunnensa. Ta ce, "Ke ma za ki ji taki, amma ba ta bakin Fati ba. Kika gaya mata, kafin Juma'a unguwa ta ɗauka." Wannan kam gaskiya ce, ina son Fati amma bakinta ba ya da linzami.

Yarjejeniyar da muka yi: daga ƙarfe 10 na dare wayata tana hannunta har a gama jarrabawa. Tambaya 180 cikin awa 2, Kemistiri kaɗai 40, ni kuwa ina nan ina lissafin wanda ya duba hoto. Na amince da baki, zuciyata ba ta sa hannu ba. Gobe kuma dole mu haɗu a lesin, ban san inda zan ajiye idona ba.

An ɗauke wuta, ga zafi kamar a gasa mutum. Auta yana ta rigima a kan mafici.

Goma saura minti uku, ga Yaya nan tsaye a bakin ƙofa ta miƙo hannu. Sai da safenku.