Na sayo bod ɗin, amma raina bai kwanta ba

Asabar, sha ɗaya da wani abu na dare. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, da waya nake rubuta wannan, caji saura 23.

Toh na sayo madabod ɗin kwamfutar da nake haɗawa yau, wato allon nan da ake dasa duk sauran kayan a kansa. Eh na sani, wata uku ina cika muku kunne da zancensa, an dai saya. Da safe kam murna nake, har ina waƙa a kicin Umma tana tambayata ko kujerar Makka aka biya min.

Komai na riga na tara. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar kenan, tun watan jiya, Ryzen 5 5600G da Yaya ya taho min da shi daga Legas, a kwalinsa har da fankarsa. Ram DDR4 guda biyu, 8GB kowanne, don shi wannan furosesan girafik ɗinsa a cikinsa yake kuma daga ram yake ci, in ka sa masa guda ɗaya tal sai ya riƙa jan ƙafa, biyun su ke sa shi sakewa. SSD akwai, fawa akwai, ɗan ƙaramin kes ɗina yana saman wadirof cikin leda. Saura bod da UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Kuɗin su biyun a haɗe suke, ku riƙe wannan.

Har takarda na rubuta. Soket AM4, micro-ATX don shi ne zai shiga kes ɗin, ramin HDMI a baya tunda ba ni da girafik kad, ramin M.2 ko da ɗaya ne. Bod samfurin A520 ko B450, duk wanda ya fi sauƙi. Shi ke nan fa. Katin biki nake zanawa da CorelDRAW, sai ɗan gyaran hoto, ba roka zan harba sama ba.

Umma ta ce in tafi da Auta ya riƙe min kaya. Muka hau adaidaita sai titin Beirut, rana kamar a soya ƙwai a kan kwalta.

Shago na farko ba su da AM4 sam, sai tsofaffin Intel na hannu. Na biyu a rufe. Na uku shi ne labarin.

Na yi sallama, na ce Malam bod na AM4 nake nema, A520 ko B450. Ya amsa sallamar, ya ɗago, sai ya juya wajen Auta ya ce "Abokina wane furosesa gare ka?" Auta fa! Yaron da in ka ce masa ram zai ɗauka ragon layya kake nufi. Ya tsaya yana kallona yana murmushi. Na ce 5600G ne, kuma nawa ne, ni zan haɗa. Ya ce toh Hajiya, ya shiga ciki ya fito da kwali biyu, ya ajiye su a gaban Auta.

Na jawo su gabana. Ɗaya B450 ne, kwalin duk ya koɗe. Na tambaye shi an sabunta BIOS ɗinsa kuwa, wato ɗan firogiram ɗin cikin bod da ke gane furosesa ya tada kwamfuta, don B450 tun 2018 ya fito, shi kuwa 5600G sai 2021 ya shigo kasuwa, in tsohon BIOS ne a kai za ka haɗa komai ka danna, fanka ta juya, sukirin ya yi maka baƙi ƙirin, kuma ba ka da yadda za ka sabunta sai ka aro tsohon furosesa, in dai ba bod ɗin yana da ɗan maɓallin nan na baya da ake sabuntawa da filash kaɗai ba. Duk na faɗa masa wannan a nutse wlh, ba da faɗa ba.

Ya yi dariya. Ba ta rashin kunya ba, irin wadda ake wa yaro in ya haddace karatun da ya fi shi. Ya ce "Hajiya kar ki wahalar da kanki, in kin je gida ki samu injiniya ya haɗa miki, su suka san wannan." Na ce ni ce injiniyar. Ya ce ma sha Allah.

Ma sha Allah ɗin nan har yanzu ina jin sa a kunnena.

Ina cikin duba A520 ɗin, wanda gaskiya ba shi da laifi, ramin ram biyu, M.2 ɗaya, HDMI, daidai da takardata, sai ya miƙa hannu sama ya sauko da wani kwalin ya nuna wa Auta. Ya ce "Ka ga wannan B550 ne, na manya, masu gem da masu aikin gaske. Ya fi ƙarfin aikin Hajiya, nuna maka kawai nake." Ya yi kamar zai mayar.

Na ji bakina ya ce kawo shi nan. Ban shawarci kaina ba. Na buɗe, na duba, na yi ta jefa masa tambayoyin da na san amsarsu don dai ya ji, ramin ram huɗu ko, M.2 biyu ko, akwai ƙarfen sanyaya a kan VRM, ɓangaren da ke ba furosesa wuta, ko. Yana ta "ƙwarai Hajiya, lallai kin san abin". Yanzu ni yake kallo, ya manta da Auta. Ko ciniki ban yi na kirki ba, sau ɗaya na ce a rage, ya ɗan cire wani abu da bai taka kara ya karya ba, na sa kati a POS, ya rubuta rasit. Na fito kaina a sama kamar na ci kofi.

Sai a adaidaita, wajen danja, Auta ya ce "Anti, kin ga lokacin da ya sauko da na ukun nan? Sai da ya kashe wa yaron shagonsa ido."

Na ce ƙarya kake. Ya rantse. Na ce ƙila ƙura ce ta shiga idonsa, ai hazo ake... ba hazo ake ba, watan zafi muke.

Tun daga nan ban ƙara magana ba har gida, lissafi nake. Babban abin da B550 ke taƙama da shi PCIe 4.0 ne, hanya mai ƙarin gudu zuwa girafik kad da SSD, shi kuwa 5600G iyakarsa 3.0, ko ka sa shi a bod na zinare nan zai tsaya. Ni na san wannan, ni na yi wa wata bayaninsa sati biyu da suka wuce. Ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda ya zo, wanda A520 ba ya bari a yi, ban taɓa niyyar yi ba, a zafin Kano da fankar kwali? Wato na biya kuɗin abu biyu da ba zan taɓa ba, kuma abin da ya hau kai shi ne kuɗin UPS ɗina, kusan duka.

Na yi ta lallashin kaina. Ramin ram huɗu ai amfani ne, wata rana sai in ƙara biyu ba tare da na cire na ciki ba. Ƙarfen sanyayan nan ma a garin da ake kaiwa digiri 40 ba ado ba ne. In Allah ya hore na sayi girafik kad da wani furosesan, bod ɗin zai ɗauka. Duk gaskiya ne. Amma ba don su na saya ba, bayan na biya na nemo su. Abin da ke cina kenan, ba na ma iya cewa an cuce ni, kaya mai kyau ya ba ni, sabo dal. Karanta ni kawai ya yi cikin minti goma, ya ga inda ke min ƙaiƙayi ya sosa. Ko kuma ba haka ba ne, ƙila da gaske ya raina ni ne, Auta kuma ya ga abin da babu. Na rasa wanne ya fi ciwo a ciki.

Abincin rana shinkafa da wake, ban ci da yawa ba. Mai katin ɗaurin auren nan ta sake kira, yanzu kuma ruwan goro take so, karo na uku kenan. Tsohon laftof ya mutu sau biyu kafin in tura mata.

Da yamma na juya kwalin gaba da baya ina neman sitikar nan da ake mannawa mai cewa ya shirya wa Ryzen 5000. Babu. Tambayar da na yi wa B450 da ƙarfin hali, na manta ban yi wa wanda na saya ba, shi ma ai tun 2020 yake, ya girmi furosesan nawa. Sa'a ɗaya yana da maɓallin bayan, don haka filash da fawa sun isa. Sai dai in ana cikin rubuta BIOS aka ɗauke wuta, magana ta iya lalacewa, kuma abin da zai kare ni daga hakan shi ne na bari a shagon.

Yaya ya kira, na ce an sayo. Ya ce wanne, na faɗa masa, ya ce "Iye, ƙanwata an shiga sahun manya." Na yi dariya na ce eh mana. Ban ba shi labarin idon ba.

Baffa ya ce gobe bayan azahar zai tada janareto don injin markaɗe, in na so in zo da kayan in yi a falonsa, amma in taho da litar mai ɗaya. Auta kuma tun ɗazu yake leƙowa yana tambaya ko kwamfutar za ta ɗauki gem ɗin ƙwallo. Na ce ya je ya tambayi abokinsa mai shago.